Gona da Mulki: Tarihin Siyasa da Zaman Jama'a a Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar da ta shimfiɗu arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, tana cikin yankunan karkara mafiya cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Matafiyin da ya bi hanyar Katsina ko ta Daura da damina sai ya yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, iyakarsu jerin gamba ko lalle, ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya na tsaye a tsakiyar shuka, kuma kowace bishiya da mai ita. Lokacin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi bincike a nan cikin shekarun 1960, ya tarar a wurare da dama mutum fiye da 200 ne ke zaune a kan murabba'in kilomita ɗaya, kuma mafi yawan ƙasar noma ta ake yi kowace shekara ba hutu.

Taki ne ya hana ƙasar mutuwa. Da rani jakuna kan tashi daga ƙauyuka da itacen girki da kara zuwa birni, su dawo da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi. A gona a sauke shi tsibi-tsibi, taku kaɗan tsakanin wannan da wancan, sai hadari ya fara haɗuwa a baje shi. Awaki da tumaki a turke suke kwana su wuni duk damina, ana yanko musu ciyawa, domin kashinsu dukiya ne. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya suke tashi, harawa kuma a ɗaure ta a ɗora a reshen bishiya don ranar da ciyawa za ta ƙare. Noma ne na mutanen da suka san ba su da wani sabon daji da za su sara.

Ƙasa mai albarka irin wannan, ga ta a bakin fada, ba ta rasa mai sa mata ido. An saba ba da tarihin siyasar Kano daga Gidan Rumfa da Gidan Gwamnati, amma gardamar da ta fi daɗewa a cikinsa a bakin rumbu take: wa ke da rabo a abin da manomi ya noma, nawa ne rabon, kuma wa zai zo karɓa.

Bayan masu jihadi sun ci Kano a 1807 sun kori Sarki Alwali, an raba ƙasar tsakanin manyan gidajen Fulanin da suka yi yaƙin. Yolawa suka riƙe sarautar Madaki, wadda daga baya ta zauna a Dawakin Tofa, Dambazawa kuma suka riƙe ta Sarkin Bai, wadda ta zauna a Dambatta. Dukansu biyu suna cikin masu zaɓen sarki huɗu. Fuskar arewa ta daɗe tana hana Kano barci. Ɗan Tunku, kakan sarakunan Kazaure, ya yi shekaru yana gwabzawa da Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, kuma a sansanin Fanisau ne Baturen nan Hugh Clapperton ya samu Dabo a 1824. A ƙarshen ƙarnin ma dakarun Damagaram sun kawo hari har Gezawa. Saboda haka aka yi ta kafa ribaɗi, garuruwa masu ganuwa, ana zuba musu mutane.

Da yawa daga mutanen da aka zuba ɗin bayi ne. Fanisau da kewayenta sun cika da gandaye, na sarki da na attajiran birni masu fataucin goro. Bawa yakan yi aikin ubangijinsa daga hantsi zuwa azahar, sauran yinin ya koma 'yar gayaunarsa. Wani yakan samu murgu, wato ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu yana neman na kansa, in ya tara ya fanshi wuyansa. Hatsin gandaye ya ciyar da fada da dawakinta, auduga da baba kuwa suka tafi masaƙa da karofi, inda aka yi turkuɗin da ya kai sunan Kano har ƙetaren Sahara. Babi ne da ba a cika son buɗe shi a zaure ba, amma wanda ya tsallake shi ba zai gane dalilin da ya sa wasu gidaje suka tashi da faffaɗan gonaki, wasu kuma suka tashi da ƙwadago ba. Talaka ɗa shi ma bai tsira ba: zakkar hatsi na kansa, ga kuɗin ƙasa, ga kuɗin shuka, marini na biyan kuɗin karofi, makiyayi na biyan jangali. Masu sarautar da ke cin waɗannan ƙasashe a birni suke zaune, jakadunsu ne ke fita karɓa.

Sojojin Lugga sun shiga Kano a farkon Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari, daga bisani aka naɗa Abbas. Turawa suka bar sarauta a tsaye, suka gyara ta daidai da buƙatarsu. Wajen 1908 suka haɗe ƙauyuka gunduma-gunduma, suka umarci hakimai su bar birni su tare a ƙasashensu, dagatai a ƙarƙashinsu, masu unguwanni a ƙarƙashin dagatai. Bichi ta zama gundumar da ake tura Ciroma, kuma Abdullahi Bayero da ɗansa Muhammadu Sanusi duk sun riƙe ta kafin su hau gadon sarauta. Aka dunƙule haraji iri-iri, aka ce da kuɗin Bature za a biya, ba da wuri ko dami ba. A gundumomin kusa da birni ma'aikata suka riƙa auna gonaki da taku, abin da aka sani da awon taki. Kuɗin ya shiga Baitulmali, a raba tsakanin En'e, wato hukumar sarki, da gwamnatin Turawa. Mulkin da a da yake leƙo manomi sau ɗaya ko biyu a shekara, yanzu ya tare a garinsa, da dogari da alƙali da malamin haraji da kundinsa.

Bauta kuwa a hankali ta mutu. Dokar 1901 ta hana kamun bayi da cinikinsu, ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne, amma waɗanda ke hannu sai dai su gudu ko su fanshi kansu a gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Masana da dama na ganin wannan sauyi ne ya baza kulle a karkara. Matan da aka sani da wuni a gona a da yawancinsu bayi ne, don haka barin fartanya ya zama shaidar 'yanci, kulle ya fito daga gidajen malamai da sarakuna ya shiga gidajen talakawa. Matan kuwa ba su naɗe hannu ba. Tsakar gida ta zama wurin sana'a, ana kaɗi, ana matsar man gyaɗa, ana ƙuli-ƙuli da daddawa da fura, yara na fita talla. Tallan nan shi ne daga baya ya yi ta karo da makarantar boko, musamman ga 'ya'ya mata.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya a 1912. Turawa a kan auduga suka ƙwallafa rai, saboda masaƙunsu na Ingila. Manomi kuwa ya yi nasa lissafin. Gyaɗa na son jigawa mai yashi, irin ƙasar arewacin Kano, ba ta cin ƙarfin gona, tana shiga tsakanin gero, harawarta abincin dabba ce, in yunwa ta zo kuma ana cin ta, auduga kuwa ba ta shiga baki. Fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, da Alhassan Ɗantata wanda ya zo ya fi su duka, suka karɓi jarin kamfanonin Turawa suka baza yaransu ƙauye. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga tan dubu biyu da ɗoriya a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. A wannan shekarar ce ruwa ya ɗauke, aka shiga yunwar 1914 da tsofaffi ke kira Kakalaba, wadda ta yi mummunar ɓarna a gundumomin arewa. Haraji bai tsaya ba.

Wanda ke son ganin yadda mulkin mallaka ya taɓa jikin manomi, gindin sikeli zai je da kaka. Mata sun sussuke gyaɗa a turmi, an shiƙe, an ɗura a buhu, an ɗora wa jaki. A wurin awo ɗan baranda ne ke karanta sikeli, mai kaya bai san lambar Bature ba. Sau da yawa ma an riga an cinye kuɗin tun tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa mai gida ya karɓi bashi a kan zai biya da buhu. Abin da ya rage daga nan yake wucewa hannun mai unguwa, domin lokacin karɓar haraji an daidaita shi da lokacin cinikin gyaɗa. Wanda ya gaza, a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko a sayar da akuyarsa, ko ya sulale ya bar garin da dare. Buhunan kuwa suna can birni an jera su dala-dala, kowace dala kusan buhu 15,000, suna jiran jirgi. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ta gwamnati ce ke yanke farashi, kuma a yawancin shekaru takan biya ƙasa da farashin duniya ta riƙe rarar. A tsakiyar shekarun 1960 abin da ake saya a Arewa ya kai wajen tan miliyan ɗaya a shekara mai kyau. Rarar ta gina makarantu da hanyoyi da ofisoshi, amma kaɗan daga ciki ne ya dawo ƙauyen da ya noma ta.

Akwai wata ƙasa mai nisa da labarinta ya yi kama da wannan, wato jihar Jojiya ta kudancin Amurka. Can ma bayi ne suka noma auduga a manyan gandaye har aka soke bauta a 1865, 'yantattun suka koma noman raba-daidai cikin bashin da ba ya ƙarewa. Da ƙwaron auduga ya shigo wajen 1915 manoma suka karkata ga gyaɗa, kuma yau Jojiya ce kan gaba a nomanta a Amurka. Baƙar fata ba su samu cikakkiyar damar jefa ƙuri'a ba sai bayan dokar 1965. Jimmy Carter, manomin gyaɗa daga garin Plains, ya zama gwamnan jihar a 1971, ya zama shugaban ƙasa, ya ziyarci Najeriya a 1978. A wurare biyu aka rabu. Gwamnatin Amurka tun shekarun 1930 take tallafa wa farashin gyaɗar manominta, alhali ta nan ɗiba take yi. Sannan can launin fata ya ja layin da ba ya gogewa, a Kano kuwa jikokin bayi sun narke cikin jama'a ta hanyar aure da addini da harshe, sai layin ya koma tsakanin sarakuna da talakawa.

A kan wannan layin aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta, ɗan wannan yanki. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya dawo gida ya zama jagoranta. Sanarwar Sawaba ta ɗora alhakin talaucin talaka a kan tsarin En'e, ta nemi a mai da mulki hannun jama'a. Jam'iyyar NPC ta Sardauna, mai alamar fartanya, ita ce ta sarakuna da ma'aikatan En'e da manyan attajirai, NEPU kuma ta ɗauki tauraro. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birni, amma kafin a kai matakin ƙarshe, inda En'e ke cusa nata mutane, ko kujera ɗaya ba ta rage mata ba.

A ƙauye shiga NEPU sai mai ƙarfin hali. Waɗanda suka fara karɓarta yawanci teloli ne da mahauta da 'yan koli da direbobi da wasu malaman allo, mutanen da abincinsu bai rataya a wuyan dagaci ba. Manomi ya fi kowa taka-tsantsan, domin mai raba gona da mai yanka haraji da mai shari'a da mai kurkuku duk ɓangare ɗaya suke. A hana izinin lacca, a ƙara wa mutum haraji, a kai shi gaban alƙali da laifin zagin sarki, a yi masa bulala ko a ɗaure shi, ga kuma 'yan Mahaukata masu tarwatsa taro da sanduna. A zaɓen tarayya na 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas, amma NPC ta kwashe yawancin kujerun karkara. Mata kuwa ba su da ƙuri'a ko kaɗan a Arewa, sai a 1976. In da ƙuri'a za a auna NEPU, ta sha kaye. Abin da ta bari shi ne talakan da ya koyi tambayar ina rasiɗin harajinsa, ya kuma san yana iya ƙin noman gandun hakimi kyauta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake zubewa ƙasa a gaida dagaci.

Fadar ma ba ta tsira daga sabon zamani ba. Saɓani tsakanin Sarki Muhammadu Sanusi da gwamnatin Kaduna ya kai ga binciken kuɗin En'e ƙarƙashin Baturen nan Muffett, Sarkin ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare. Bayan 'yan watannin Muhammadu Inuwa aka naɗa Ado Bayero, wanda ya yi shekara hamsin da ɗoriya a kan gado har rasuwarsa a 2014. Soja suka karɓi mulki a 1966, ranar 27 ga Mayun 1967 kuma Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, Kano na ciki, da Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako a matsayin gwamna. Cikin 'yan shekaru aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da sarakuna masu ba da shawara, dokar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamna da ƙaramar hukuma. Yawancin abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kansa, soja ne suka zartar da shi da alƙalami.

Audu Bako da madatsun ruwa ake tunawa da shi. Babbar cikinsu, Tiga, a kudu take, amma shirin da ya fara ya ba arewa nata rabon a shekarun 1970: Watari a Bagwai, Tomas kusa da Dambatta, Jakara a wajen Minjibir. Suka kawo noman rani, shinkafa da alkama da tumatir da albasa, da kamun kifi a inda ba a san shi ba. Suka kuma cinye gonaki da fadamu, suka raba wasu ƙauyuka da kasuwarsu. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a madatsar Watari ɗauke da mutanen Badau da ke hanyar Bagwai, akasarinsu yara 'yan Islamiyya, aka rasa rayuka aƙalla 29. Fiye da shekara arba'in bayan tare ruwan, jirgin katako ne hanyarsu mafi kusa.

Farin 1972 zuwa 1974 ya durƙusar da gyaɗa, cutar da darɓa ke yaɗawa ta ƙarasa ta a 1975. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya fara kwarara daga Legas, sai alaƙar gwamnati da manomi ta juya baki ɗaya. A da daga gona kuɗi ke tashi ya hau sama, yanzu daga sama yake saukowa, in ya ga dama ya iso ƙauye. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai aji garuruwan da ba su taɓa ganin allon bango ba, a 1977 kuma aka buɗe makarantar sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda ta yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa daga gidajen talakawa.

Da aka dawo siyasa a 1979, jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, mai alamar mabuɗi, ta lashe Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna yana ɗan shekara 39. Matakinsa na farko shi ne soke haraji da jangali. Wanda bai ga an shanya mahaifinsa a rana ba zai yi wuya ya gane abin da wannan ya zama a zukatan mutanen karkara, kuma har yau shi ne abu na farko da dattawa ke ambata in an kira sunan Rimi. An yi ƙoƙarin dawo da harajin daga baya, amma bai sake samun ƙarfinsa na da ba. Gwamnatin ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, ta kai lantarki da rijiyoyi ƙauyuka, kuma a zamaninta hukumar raya karkara ta KNARDA ta fara aiki da rancen Bankin Duniya, tana kai takin zamani da iri da hanyoyin burji. Sai dai tafiyar ba ta yi nisa ba jam'iyyar ta dare biyu, santsi da taɓo. Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu ya ɗaga darajar wasu sarakuna don rage ƙarfin fadar Kano, gwamnatinsa ta aika wa Sarki takardar tuhuma, ranar 10 ga Yulin 1981 gari ya kama da wuta, aka kashe mai ba shi shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983. Rimi ya koma NPP ya sauka daga kujera, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin, Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓe a PRP ya soke sababbin masarautun, wata uku kacal soja suka dawo.

Soke haraji adalci ne, amma ya zo da wani abu da ba a hango ba. Hukumar da ba ta karɓar komai daga hannun manomi ba ta da dalilin sanin yawan rumbunansa, shi kuma ba shi da rasiɗin da zai ɗaga ya ce ina kuɗina. Siyasar da ta taso a kan kare abin da mutum ya noma sai ta koma ta neman rabo: wa zai samu buhun taki, wane gari za a kai taransifoma, ɗan wa za a ɗauka aiki a sakatariya.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rushe hukumomin cinikin amfanin gona, aka bar manomi da kasuwa. Kasuwar Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ta tashi a waɗannan shekaru har ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, 'yan Nijar da Chadi na saye, riɗi da zoɓo na tafiya ƙetare. Ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanke Jigawa, Kazaure da Haɗeja da Gumel suka tafi, iyakar jiha ta dawo 'yar tafiya kaɗan gaba da Dambatta. Zuwa 1996 ƙananan hukumomin Kano sun kai 44, garuruwa irin su Makoda da Tofa da Bagwai da Tsanyawa kowanne da sakatariyarsa.

Gadon NEPU na ƙin bin na sama ido rufe bai mutu ba. A 1993 Kanawa sun ba Abiola rinjaye a kan ɗan jiharsu Bashir Tofa, a 2003 kuma suka kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso, suka zaɓi Malam Ibrahim Shekarau, sannan suka dawo da Kwankwaso a 2011. An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 bisa matsin jama'a, waɗanda da yawansu adalci da sauƙin rayuwa suke fata daga gare ta, aka kafa hukumar Hisba a 2003. A shekarar ce kuma jihar ta dakatar da rigakafin shan inna har tsakiyar 2004, kan zargin da ya samu gindin zama saboda mutanen da ba su da asibiti kusa sun kasa gane dalilin da ya sa magani ɗaya tak ake bi gida-gida da shi kyauta. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda doka ta rage wa ƙarfi, su aka koma wa kafin a shawo kan lamarin.

Abdullahi Umar Ganduje, ɗan ƙauyen Ganduje a Dawakin Tofa, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. A 2019 ya raba masarautar Kano, ya kafa na Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, ranar 9 ga Maris 2020 kuma ya tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II, aka ɗauko Aminu Ado Bayero daga Bichi zuwa Kano, ƙaninsa Nasiru ya gaje shi a Bichi. Wasu mutanen yankin sun yi murna, suna ganin fada a kusa za ta jawo titi da asibiti, wasu kuma suka ce rikicin manya ne aka sa masa rawani. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar ta dawo da Sanusi, daga baya ta maido Gaya da Ƙaraye da Rano a daraja ta biyu, ba Bichi a ciki, maganar kuma ta tafi kotu.

A bakin rumbu damuwar daban ce. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9.4, kuma ƙasa ba ta ƙaruwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne ke rabonta, gandun da uba da 'ya'yansa ke noma tare su ci daga tukunya ɗaya yana ta watsewa, jingina da haya da sayarwa sun yawaita. Ta fuskar Ungogo da Dawanau birni na cin gonaki, ana yanka su fulotai. Samari da an gama girbi sai ci-rani, Legas da Abuja da Fatakwal, ko tuƙin a-daidaita-sahu a birni, kuma kuɗin da suke aikowa shi ke sayen takin zamani, wanda farashinsa ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. A garuruwan kan iyaka da Katsina, irin su Shanono da Tsanyawa, an fara ganin harin 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, abin da yankin ya daɗe bai sani ba. Takin birni har yanzu yana zuwa, amma a tifa yake zuwa, da kuɗi ake sayensa, kuma kafin a baje shi sai yara sun wuni suna tsince leda da fasassun kwalabe daga cikinsa.